Mazari da Dukiyar Mace: Tarihin Sana'ar Kaɗi a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Masu rubutu a kan tattalin arzikin ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga fatake da masaƙa da marina, watau sana'o'in da ake ganin maza a bakinsu. Wannan ya sa wasu ke zaton mace Bahaushiya ba ta shiga neman na kanta ba sai da ilmin boko ya zo. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna kuskuren wannan zato ta hanyar bin tarihin kaɗi, sana'ar da mata suka riƙe, wadda masana'antar tufafi ta dogara a kanta.

Kaɗi a ƙarni na 19

A shekarar 1851 Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano. Ya ƙiyasta cewa tufafin da garin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma ya ambaci Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus cikin wuraren da suke isa. Abin lura shi ne, babu ƙyalle ɗaya a cikinsu da bai fara daga hannun mace ba. Masaƙi ba ya ɗaura saƙa sai da zare, zaren kuwa mata ke kaɗa shi, 'ya'ya da bayi.

Aikin yana da matakai, kowanne da kalmominsa. Da farko sai a gurje auduga a kan magurji da ɗan ƙarfe, a fitar da angurya. Daga nan a shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi, a naɗe ta ta zama sutu. Sa'an nan mai kaɗi ta ɗauki mazari mai gululu a gindinsa, ta shafa alli a yatsu, ta riƙa murzawa a cikin taskira. Zare iri-iri ne: akwai abawa mai kauri, akwai kuma siriri irin su arafiya, wanda ya fi tsada domin ya fi cin lokaci. Wasu matan ba su tsaya ga kaɗi ba, har saƙar gwado suke yi a kan masaƙarsu ta tsaye, wadda ta bambanta da ta maza mai fitar da ƙyalle siriri.

Mallakar abin da aka samu

Muhimmancin kaɗi ga mace ya danganta da hukuncin dukiya. A shari'ar Musulunci ci da sha da sutura da muhalli suna wuyan miji, abin da matar ta samu kuwa nata ne. Saboda haka kuɗin zare ba ya shiga aljihun maigida sai da yardarta, kuma sanannen abu ne mace ta ba mijinta rance ta kuma karɓi abinta. Ribar takan koma tunkiya ko akuya, ko tasoshi da sauran kayan ɗakin 'ya mace. Adashi shi ne hanyar tara jari, biki tsakanin ƙawaye kuwa ya zama ajiya da ake kwasa ranar suna ko aure. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya nuna yadda waɗannan al'amura suka gudana a ƙauyukan ƙasar Zazzau.

Zuwan Turawa da faɗuwar mazari

Ƙungiyar noman auduga ta Ingila, wadda aka kafa a 1902, ta sa ran audugar Arewa za ta ciyar da masaƙun Lankasha. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai manoma suka karkata ga gyaɗa, audugar da suka noma kuma kasuwar gida ta fi Turawa saye da daraja. Watau dai buƙatar masu kaɗi da masaƙa ce ta hana wannan shiri cin nasara da wuri. Amma a hankali yadin kanti mai araha ya cika kasuwa, zaren inji ya shiga hannun masaƙa, sa'an nan aka buɗe masaƙar zamani a Kaduna a 1957. Mace ta ga yinin kaɗi ba ya biyan wahalarsa, ta ajiye mazari.

Ajiye mazarin bai zama zaman banza ba. Jarin ya koma ga man gyaɗa da ƙuliƙuli da fura da ƙosai da dillancin hatsi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana a 1969 cewa cinikin da matan kulle ke yi daga gida zuwa gida kasuwa ce sosai, ko da yake ba ta da rumfa. Enid Schildkrout kuma ta nuna a birnin Kano, a ƙarshen shekarun 1970, cewa yara masu talla su ne ƙafafun wannan kasuwa. Wannan ne ya sa shirin ilmin firamare na kowa da kowa na 1976 ya jefa iyaye mata da yawa cikin tsaka mai wuya, domin sa yarinya makaranta yana nufin rasa mai kai kaya ga masu saye.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa sana'ar mata a ƙasar Hausa ta sha sauya kama, amma tsarinta bai sauya ba: jari na mace, aiki a cikin gida, da ɗan aike zuwa ga mai saye. Matan da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta wayar hannu a yau a kan wannan tsari suke, sai dai waya ta karɓi wani ɓangare na aikin mai talla. Abin da ke neman ɓacewa shi ne harshen sana'ar ta farko. Kalmomi irin su sutu da gululu da taskira sun soma zama baƙi ga ɗalibai, tsofaffin da suka riƙe mazari kuwa suna ƙarewa. Ya kamata sassan nazarin Hausa su tura ɗalibai mata cikin gidaje su ɗauko waɗannan kalmomi da bayanin aikinsu daga bakin masu su.