Daga Gobir zuwa Bahiya: ina Hausawa a tarihin kiɗan samba?

Idan aka ce samba, wataƙila ƙwallon Burazil ce ke faɗo maka a rai. To amma in kana Illela, bakin iyaka da Ƙwanni, labarin ya fi kusa da kai fiye da yadda kake zato. A wannan yanki aka gwabza yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808. Yaƙe-yaƙen jihadi sun bar kamammu da yawa daga kowane ɓangare. Wasu aka sayar da su kudu, hannu zuwa hannu, har bakin teku a Ikko da Wida, daga nan jirgi ya kwashe su zuwa Bahiya. Francis de Castelnau, jakadan Faransa a can, ya tattauna da bayi Hausawa, ya buga bayanansu a 1851, suna ambaton Kano da Katsina da Zazzau.

Ga inda kiɗa ya shigo. A watan Mayu na 1807 aka bankaɗo shirin tawayen Hausawa a birnin Salvador, gwamna Conde da Ponte ya matsa wa tarukan bayi lamba. Wanda ya zo bayansa, Conde dos Arcos, sai ya saki. Ya bar bayi su yi batuque, wato taron ganga da rawa, ranar Lahadi. Kada ka ɗauka tausayi ne zalla. Lissafinsa shi ne, in kowace ƙabila ta riƙe gangarta, za ta riƙa tuna tsohuwar gabarta da maƙwabta, ba za su haɗa kai ba. A watan Fabrairun 1814 tawaye ya ɓarke a wuraren kamun kifi na yankin Itapuã, Hausawa ne a gaba, attajiran gari kuwa suka ɗora laifin a kan sassaucin gwamna. Ganga dai ta zama maganar tsaro.

Sai dai a yi hattara, kar a ce Hausawa ne suka ƙirƙiro samba. Saiwarta ta fi zurfi a Angola da Kwango, kuma masana da dama na danganta sunan da kalmar semba ta Angola. A ƙauyukan rake na Bahiya ta zama samba de roda, wadda UNESCO ta karrama a 2005. Mutanen Bahiya suka kai ta Rio de Janeiro, inda a gidan Tia Ciata aka haɗa Pelo Telefone, da ta fito a faifai a 1917. Rabon Hausawa a nan na fili ne: suna cikin waɗanda aka yi ta ja-in-ja a kan ’yancinsu na taruwa.

Bayan tawayen Malê na Janairun 1835, cikin azumi, wanda Yarbawa Musulmi suka fi yawa a ciki, an koro ’yantattun bayi da yawa zuwa Afirka ta Yamma. Zuriyarsu, Aguda, har yau suna wasan burrinha a Wida da Porto-Novo, da waƙoƙi cikin Fotugis ɗin da yawancin masu rerawa ba sa ji. A Salvador kuwa, a 1979 aka kafa ƙungiyar kiɗan kanibal mai suna Malê Debalê don tunawa da ’yan tawayen 1835, kuma a Itapuã take.