Kalmar "Arna" a Tarihin Gwandu da Kabi

A ƙasar Gwandu, kalmar "arna", ko "azna" a karin harshen yamma, ta daɗe da ma'ana biyu. Ta farko ita ce masu bin addinin gargajiya, kamar wasu daga cikin Arawa da Dakarkari. Ta biyu ta siyasa ce, wato duk wanda ya ƙi yi wa masu jihadi mubaya'a. Cakuɗa waɗannan ma'anoni shi ya shafa wa Kabawa kashin kaji a rubutaccen tarihi.

A shekarar 1805 rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo da Aliyu Jedo ta ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Fodi ya tsere, Gwandu ta zama mazaunin jama'ar Shehu. Sunan sarkin kaɗai ya isa ya sa manazarci ya dakata, domin fadar Kabi ta san Musulunci tun gabanin jihadi. Abin da aka tuhumi sarakunan Hausa da shi shi ne surka addini da tsafi, da goyon bayan Gobir. Shehu Laminu, a wasiƙunsa na kare Barno, ya ja da irin wannan hukunci, yana mai cewa saɓo bai kai kafirci ba. Muhammadu Bello ya kawo hujjarsa, ya kuma amsa ta, a cikin Infaƙul Maisuri a 1812. Ke nan tun wancan zamani malamai ba su haɗu a kan batun ba.

Da Yaƙubu Nabame ya yi bore a 1849 ya kafu a Argungu, garuruwan Gwandu irin su Kalgo da Ambursa suka zama bakin daga. Sarkin Gwandu Haliru a fagen fama ya rasu a 1860. Duk da haka, sulhun da ake kira Lafiyar Toga na 1867 ya amince da 'yancin Argungu.

Sai dai alƙalami ya fi yawa a Gwandu da Sakkwato, Kabawa kuwa kirari da waƙar baka suka fi bari. Da Turawa suka zo, rubutaccen bayanin suka fi dogara da shi, suka kuma ɗauki kalmar Fulatanci "Haɓe", wadda asalinta waɗanda ba Fulani ba take nufi, suna yawan jingina ta da arnanci. Sai a 1934 wani Sarkin Musulmi, Hassan ɗan Mu'azu, ya shiga Argungu a matsayin baƙo, aka tarbe shi da bikin kamun kifi.