Keke a Hanyar Mandara: Gadon Ayarin Fatake

Birnin Maiduguri yana zaune ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a gaɓar kogin Ngadda, amma duk wanda ya bi hanyar Konduga da Bama zai tarar ƙasa ta fara tashi a wajajen Pulka da Gwoza, inda jerin duwatsun Mandara ya shata iyakar Nijeriya da Kamaru. Tun kafin shekarar 1907, lokacin da Turawan Ingila suka kafa mazauninsu a nan, Shehu Abubakar Garbai kuma ya taso daga Kukawa ya zauna a Yerwa, wadda yanzu take cikin birnin, akwai tsohuwar hulɗa tsakanin Borno da mutanen duwatsun. Kanwa da busasshen kifi da tufafi suna tafiya kudu, yayin da ƙarfen da ake narkawa a wurare irin su Sukur, tare da bayin da aka kamo a hare-hare, suke tahowa arewa. A shekarar 1823 Bature Dixon Denham ya bi rundunar Borno ƙarƙashin jagorancin Barka Gana har Mora, hedikwatar masarautar Mandara, kuma bayanin da ya bari ya nuna cewa ba a kutsa wannan ƙasa sai cikin taro.

Wannan larura ita ce tushen ayari, wato taron fatake masu tafiya tare a ƙarƙashin madugu, wanda shi ne shugaba mai yanke shawara, da jagaba, wanda yake wucewa gaba don duba hanya da neman zango, wurin da za a sauke kaya a kwana. Zafin rana da nisan rijiyoyi su ne suke tsara yinin ayari: akan ɗaura kaya da asuba, a ci mafi yawan tafiyar kafin rana ta take, sannan a sauka da wuri domin dabbobi su sha ruwa su yi kiwo kafin magariba.

Keke ya shigo wannan tsari ne a zamanin mulkin mallaka, inda ya fara zama abin hawan akawu da masinjoji da malaman makaranta, kafin ya kai hannun manoma da ƙananan 'yan kasuwa. Samfurin Raleigh na garin Nottingham a Ingila, wanda daga baya aka riƙa harhaɗawa a Kano, shi ya yi suna da ƙwari, har zuwa lokacin da Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa saboda sauƙin kuɗinsu. A Turai hawan dutse da keke cikin taro ya zama wasa, kamar yadda ake gani a gasar zagayen Faransa da aka fara a 1903, amma a gindin Mandara neman abinci ne, don haka kariya mai ɗaukar buhu ta fi sauri muhimmanci.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na masu dakon man fetur daga Banki da ke bakin iyaka zuwa Mora da Marwa a Kamaru, sana'ar da ta bunƙasa saboda tallafin gwamnati na wancan lokaci ya sa mai ya fi arha a Nijeriya. Yininsu ya yi kama da na fataken da suka gabace su, domin sukan tashi cikin sanyin asuba su jeru ɗaya bayan ɗaya da jarkoki a ɗaure gefe da gefe, su sauka su tura a kan hawa, su kuma dogara ga birki a gangare, inda nauyin kaya yake zama haɗari. Famfo da kayan faci ba sa rabuwa da mahayi, kuma idan taya ta fashe ko sarƙa ta tsinke, abokan tafiya su ne makanikai, su ne masu gadi.

Shigowar babura ta rage wa keke daraja, amma rikicin Boko Haram ya sake juya al'amarin. A watan Yuli na 2011 gwamnatin Kashim Shettima ta haramta hawan babur a Maiduguri, saboda ana amfani da shi wajen kai hare-hare, sai ma'aikata da ɗalibai da 'yan tireda suka koma ga keke da Keke Napep, masu faci kuma suka sami ciniki. Hanyar duwatsun kanta ta rufe bayan faɗuwar Gwoza a hannun Boko Haram a watan Agusta na 2014, kuma ko da sojoji suka ƙwato garin a watan Maris na 2015, an daɗe ana bin ta ne cikin jerin gwano da rakiyar jami'an tsaro. Tarihin hanyar ya nuna cewa abin hawa yana sauyawa daga jaki zuwa keke zuwa mota, amma ƙarancin tsaro da wahalar ƙasa suna ci gaba da tilasta wa matafiya tafiya cikin taro.