Haɗurran aikin gona a Rano da Kibiya: Abin da doka ta tanada da wanda ta bari

Akasarin mazauna ƙananan hukumomin Rano da Kibiya a kudancin Jihar Kano manoma ne, masu noman masara, dawa, gyaɗa, wake da shinkafa. Sai dai dokokin kare lafiyar ma'aikata a Najeriya sun fi karkata ga mai albashi, ba ga ƙaramin manomi da ɗan ƙwadagon da ake ɗauka aikin yini ba.

Maganin feshi

Ana yawan feshi babu takunkumi, babu safar hannu, alhali guba na shiga jiki ta fata da numfashi. Maganin ciyawa na paraquat yana lalata huhu, kuma ba shi da makari. Hukumar NAFDAC ta haramta shi daga 1 ga Janairu, 2024. Shi kuwa dichlorvos, wanda ke cikin Sniper da fiya-fiya, jijiyoyi yake taɓawa. Saboda yawansa a cikin wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Saran maciji

Kububuwa da kasa da gamsheƙa kan sari manoma lokacin noma da girbi, yawanci a ƙafa ko hannu. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, don haka jinkirin kai mutum asibiti na iya jawo asarar rai. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Ruwa da injina

Masu noman rani da ke shiga ruwan fadamu da magudanan da suka taso daga madatsar Tiga na fuskantar tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwa ta huda fata. Injin casa da na sussuka marasa murfi kuma kan fizge yatsu ko hannun riga.

Giɓin doka

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, domin biyan wanda ya ji rauni. Ɗan ƙwadagon da ba shi da takardar ɗaukar aiki da wuya ya ga wannan diyya. Ita ma Yarjejeniya ta 184 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 2001 kan lafiyar ma'aikatan gona, ta ware noman ci da kai daga cikinta.

Abin tambaya ga gwamnati

Rigakafi ya fi magani. Ya kamata matasa su riƙa tambayar majalisun ƙananan hukumomi da 'yan majalisar jiha: malaman gona nawa hukumar KNARDA ta tura yankin? Akwai maganin dafin maciji a asibitocinsa? Wa ke binciken shagunan maganin feshi a kasuwannin ƙauye?