Ɗari a Kan Ɗaya: Lissafin da Ya Raba 'Yan Gwagwarmayar Yugoslabiya

A watan Afrilun 1941 Jamus da ƙawayenta suka afka wa Yugoslabiya, cikin kwana 11 sojojin ƙasar suka miƙa wuya, sarki ya tsere. Ƙungiyoyi biyu suka shiga duwatsu. Akwai 'yan Chetnik na Kanar Draza Mihailovic, masu biyayya ga sarki, galibinsu Sabiyawa. Akwai kuma 'yan Partizan na Josip Broz Tito, 'yan kwaminis da ke karɓar kowace ƙabila. Sau biyu shugabannin nan suka zauna, a Satumba da Oktoba, ba su daidaita ba.

Babban abin da ya shiga tsakaninsu shi ne wata doka da Jamusawa suka kafa a Sabiya: duk sojansu ɗaya da aka kashe, a harbe mutum 100, wanda aka raunata, a harbe 50. Da aka kashe musu soja 10, aka raunata 26 kusa da Gornji Milanovac, sai suka bi gida-gida a garin Kragujevac suna kwashe maza. Har cikin aji suka shiga, suka fito da ɗaliban sakandare da malamansu. Ranar 21 ga Oktoba aka jera su a bayan gari aka harbe. Mutum kusan 2,800 suka halaka.

Mihailovic ya ce a dakata, a adana ƙarfi har sojojin ƙawance masu yaƙi da Jamus su iso, kada a ƙarar da Sabiyawa. Tito ya ga cewa kowane ƙauye da aka ƙone yana tura samarinsa daji ne, su zo su ɗauki bindiga. Ba zan raina tsoron Mihailovic ba, domin gawarwakin Kragujevac hujja ce mai nauyi. Amma wanda ya ce yana tsoron zubar da jini, me ya kai shi ɗaga makami a kan 'yan ƙasarsa? A farkon Nuwamba mutanensa suka kai wa 'yan Partizan hari a Uzice, garin da 'yan Partizan ɗin suka 'yantar, har masana'antar bindigogi suke gudanarwa a ciki. Kafin watan ya ƙare Jamusawa sun ƙwace garin, sannan suka juya kan Mihailovic shi ma.

Daga nan kwamandojin Chetnik da dama suka riƙa karɓar makamai da abinci a hannun Italiyawa, ƙawayen Jamus. Talakawa ne suka ɗanɗana kuɗarsu, musamman Musulmin gabashin Bosniya da Sandzak. A rahoton da kwamanda Pavle Djurisic ya aika wa Mihailovic a Fabrairun 1943, da kansa ya lissafa mata da yara da tsofaffi kimanin 8,000 da dakarunsa suka kashe.

A watan Maris na 1943, a kogin Neretva, aka yi ta ta ƙare. Jamusawa da Italiyawa sun matso Tito ta baya, 'yan Chetnik na jiransa a ɗaya gaɓar, ga majinyata kusan 4,000 da ya ƙi ya yasar. Shi da kansa ya sa aka rusa gadoji, har maƙiya suka ɗauka arewa zai nufa. Sai mutanensa suka shimfiɗa katako a kan karyayyar gadar jirgin ƙasa ta Jablanica, suka haye da marasa lafiyarsu, suka tarwatsa 'yan Chetnik. A cikin wannan watan na Maris ɗin kuma Tito ya tura wakilai wurin Jamusawa, suka yi batun musayar fursunoni, suka kuma shaida musu cewa 'yan Chetnik ne manyan abokan gabarsu. Wannan tabo ne da gwamnatin da ya kafa bayan yaƙi ta daɗe tana rufewa.

Birtaniya ta bi wanda ya fi kashe Jamusawa, ta juya wa Mihailovic baya ta rungumi Tito. A Yulin 1946 aka harbe Mihailovic a Belgrade bisa laifin cin amanar ƙasa, kuma har yau ba a san kabarinsa ba. A 2015 wata kotu a birnin ta soke hukuncin, ta ce shari'ar siyasa aka yi masa, lamarin da ya tayar da ƙura a Bosniya da Kuroshiya.