Tunjere Mai Shigar Burtu

A shekarar 1838 wani likita a birnin Paris, Philippe Ricord, ya bambanta tunjere da ciwon sanyi, ya kasa shi mataki uku. Na biyun ne ya fi ɗaure wa likitoci kai. Gyambon farko ya riga ya warke, sai ƙuraje su feso kamar ƙyanda, ko gashi ya zube, ko gani ya dushe. Jonathan Hutchinson ya yi lacca a Ingila a 1879 kan wannan kwaikwayo da cutar ke yi. Gwajin jinin Wassermann na 1906 ya rage ruɗanin, amma kuturta da zazzaɓin cizon sauro kan sa ya nuna tunjere a jikin wanda bai taɓa kamuwa da shi ba.