Makaɗan Zilitan: Kiɗan da Rumawa Suka Bari a Daɓen Gidajensu

A shekarar 1913, ba da daɗewa ba bayan Italiya ta mamaye Libiya, wani masanin kayan tarihi mai suna Salvatore Aurigemma ya gano kangon gidan wani attajirin zamanin Rumawa a bakin teku kusa da Zilitan, gabas da Turabulus. Daɓen gidan an yi shi ne da ƙananan duwatsu masu launi, waɗanda aka jera ɗaya bayan ɗaya har suka fitar da hoto, aikin da ake kira mozayik. Hoton da ya fi jan hankali shi ne na filin wasa: mayaƙa suna saran juna da takubba, ga fursunoni an ɗaure a jikin itace ana tura su wajen damisa. A gefe kuwa ga makaɗa huɗu suna bakin aikinsu, ko a jikinsu.

Ɗaya yana tsaye da doguwar bututuwar tagulla, wadda duk wanda ya san kakaki zai ce ƙanwarsa ce. Biyu suna zaune da manyan ƙahonin ƙarfe da suka lanƙwaso ta bayan kafaɗa. Ta huɗun mace ce, a bayan wani akwati mai jerin bututu. Wannan shi ne ogan na ruwa. A bayansu kuma an ajiye makarar da za a ɗauki wanda ya faɗi.

Ogan ɗin ya girmi hoton da ɗaruruwan shekaru. Kitesibiyus, ɗan wani wanzami a Iskandariya ta Masar, shi ya ƙirƙiro shi a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dabarar ita ce a zuga iska cikin wani mazubi da aka kifa a ruwa. Nauyin ruwan sai ya riƙa matsa iskar daidai wa daida, ta yadda sautin ba zai yanke ba ko da mai zugi ya ɗan yi sanyi. Makaɗi kuwa danna maɓallai kawai yake yi, kowane maɓalli ya buɗe wa bututunsa hanya. Ƙarar ogan ɗin ce ta kai shi filin wasa, inda ihun dubban 'yan kallo zai danne ƙaramin kiɗa. Daɓen Nennig na ƙasar Jamus, wanda aka gano a 1852, ya nuna irin wannan haɗi na mai ogan da mai ƙaho.

To amma da a ce hotunan tatsuniya kaɗai suka rage mana, da sai mu ɗauka Rumawa ba su san wani kiɗa ba sai lira, wata irin garaya mai tsarkiya bakwai. Daga Walili a Maroko har ƙasar Ingila, daɓe bayan daɓe yana nuna Ofiyus, makaɗin tatsuniyar Girkawa, zaune da lirarsa, zaki da barewa da tsuntsaye sun kewaye shi sun yi tsit. A tatsuniyar Girkawa, Harmis, ɗaya daga cikin allolinsu, shi ne ya haɗa lira ta farko da ƙoƙon bayan kunkuru, ya ba Afolo, allan kiɗa. Algaita mai baki biyu, wadda suke kira aulos, ba ta samu wannan gata ba. An ce allahiya Atina ce ta jefar da ita don tana kumbura mata kumatu, wani mai suna Marsiyas ya tsinta, ya ƙware, har ya ja da Afolo a gasa. Da aka kayar da shi, feɗe shi aka yi da ransa. Masu zane sun yi ta maimaita wannan labari, kuma ba a rasa dalili ba: lira kayan masu ilimi ce da 'ya'yan manya, busa kuwa sana'ar masu neman abinci. Attajirin da ya biya kuɗin daɓe ya san ɓangaren da yake so baƙinsa su gan shi.

Shi ya sa nake ganin daɓen Maryamin na Siriya, wanda aka gano a 1960, ya fi hotunan Ofiyus duka amfani ga mai tarihi. Na ƙarshen ƙarni na huɗu ne, kuma mata makaɗa ya nuna a kan dandali: mai ogan, mai algaita, mai garaya, da wata mai bugun tasoshin ƙarfe da aka jera a kan tebur. Tatsuniya ta leƙo nan ma, amma a matsayin 'yar aiki, domin yara biyu masu shigar Eros, allan soyayya, su ne ke taka zugazugin ogan ɗin da ƙafa. Ruwa ya fita daga lissafi ke nan, zugazugi ya karɓi aikin.

Ƙasa ma ta ba masu daɓen gaskiya. A 1931 an tono ragowar wani ogan mai bututu 52 a Akwinkum, cikin birnin Budapest na yau, da rubutun da ya nuna an ba da shi kyauta a shekarar 228. Kayan kiɗan da daga baya ya zama na majami'u a Turai, a gefen filin zubar da jini ya yi suna, kuma daɓen Zilitan da ke shaida haka an kai shi gidan tarihi na Turabulus.